Ta Ƙarfe Ko Ta Roba

An shimfiɗa wani tsohon bargo a bayan a-kori-kura, aka ajiye fistol biyu a kai, bakinsu yana fuskantar bangon marmara. Saje Fa'izu Kallamu ya tsaya a gabansu, hannunsa na dama a cikin aljihu. Shi ƙuri'a ta faɗa wa, don haka shi zai fara zaɓa. Wadda ya bari ita ce rabon Kofur Munir.

Mutum ɗaya rundunarsu take nema, wanda zai zauna a wannan fili yana koya wa sababbin ɗauka harbi. Daga cikin waɗanda suka nema, su biyu suka rage. Wanda ya ci yau zai zauna a nan, tsakanin Bici da Tsanyawa. Wanda ya faɗi zai bi ayarin da za a tura daji a ƙarshen wata. Fa'izu ya taɓa zuwa dajin. Da ya dawo, 'yarsa ta ɓuya a bayan uwarta tana tambayar wane ne wannan. Yanzu kuma matarsa Ramlat tana da tsohon ciki.

Filin harbin wani makeken rami ne da masu aikin titi suka bari bayan sun gama kwasar marmara. A duk yankin shi kaɗai ne wurin da za a iya harba bindiga, domin ko'ina mutum ya juya, gonar wani ce, bayanta gonar wani, sai gida, sai wata gonar. Tun jiya mai unguwa ya sa aka yi shela kada kowa ya shiga gonakin da ke bayan bangon har sai an sauke jar tuta. Manoman da aka hana aiki kuwa ba su koma gida ba. Sun taru a bayan igiyar da aka ja a bakin ramin, wasu a tsugune, wasu a kan keke. A cikinsu akwai Malam Badaru, mahaifin Ramlat, surukin Fa'izu, yana zaune a kan buhu da hularsa a gwiwa.

Sufeto Tahir, wanda zai yi alƙalanci, ya maimaita sharuɗɗa ba tare da ya ɗaga murya ba. Zagaye uku ne. Bindigar da mutum ya ɗauka da ita zai ƙarasa. Babu harbin gwaji, saboda harsashin da aka ba shi ƙidayayye ne. Kuma duk mai rauni a hannun harbi ba zai hau layi ba, an cire shi ke nan.

Fa'izu ya dubi bindigogin. Girmansu kusan ɗaya, kowace tana cin harsashi fiye da goma sha biyar, amma halinsu ya bambanta. Ta hagu sabuwa ce, jikinta roba, ba nauyi, kunamarta iri ɗaya ce daga harbin farko har na ƙarshe. An yi wa mariƙinta ƙaiƙayi kamar dutsen goge kaushi don kada ta sulɓe, kuma idan ta tashi tana tokarin hannu da sauri. Da ita ya yi ta atisaye tun farkon damina, ya san ta kamar yadda ya san hanyar gidansa. Ta dama tsohuwa ce, ƙarfe zalla, da 'yar guduma a bayanta, mariƙinta na itace ya sha hannu har ya yi sulɓi. Jan farko na kunamarta dogo ne mai tauri, daga nan sai ta yi laushi. Nauyinta yana shanye tokarin. Babu wanda ya taɓa ta tun da sabuwar ta zo, babu kuma wanda zai iya rantsuwa a kan inda take kai harsashi.

Kowa a wurin ya san wadda mai hankali zai ɗauka. Munir ma ya sani, shi ya sa tun da ƙuri'a ta kuɓuce masa yake tsaye yana taunar leɓe.

Abin da ba su sani ba yana cikin aljihun Fa'izu. Shekaranjiya Malam Badaru ya kira gayyar haƙar gyaɗa. Bai aiko wa Fa'izu ba, kuma ba sai ya aiko ba. Surukan gidan duk za su je, har da wanda yake koyarwa a Bici. Ramlat ta ce ya bari ta gaya wa Baba maganar gwajin, ya ce kada ta soma. Shi ɗan birni ne, jikan fataken Barno, a rumfar atamfa ya tashi, tun aurensu ƙannenta suke tsokanarsa cewa bai san kan fartanya da gindinta ba. Idan aka wayi gari kowa yana gonar Baba ban da shi, ba za a ce komai a gabansa ba, amma Ramlat za ta ji a bakin matan gida har ta haihu. Ya je. Ya ɗauki kunya kusa da ta surukinsa, don haka bai iya tsayawa hutu ba sai dattijon ya tsaya, dattijon kuwa bai tsaya ba. Kafin azahar bororo ya taso masa tsakanin babban yatsa da manuni, kafin la'asar ya fashe, fatar ta saluɓe. Daidai inda bayan bindiga yake zama.

Ramlat ta kwaɓa lalle ta ƙunsa masa tafin hannun duka, yadda ake yi wa manoma idan hannu ya tsage. Lallen ya ɗan busar da wurin. Ya kuma rina hannun ja, ta yadda sai an duba da kyau za a bambanta lalle da ciwo.

Sufeto ya ce suna jiransa.

Fa'izu ya lissafa abin a ransa. Ta robar zai fara da ita da kyau, wannan ba shakka. Amma ƙaiƙayin mariƙinta zai zauna a kan ɗanyen nama, kowane harbi kuma sai ta goga shi. Zai jure zagayen farko, wataƙila rabin na biyu. Daga nan hannun zai fara tsorata tun kafin harbi ya tashi, kuma hannun da ya tsorata ƙasa yake kai harsashi, ko mai shi ya so ko bai so ba. Ta ƙarfen ba za ta ci masa hannu haka ba. Amma bai san saitinta ba, kuma zai bar wa Munir bindigar da ta fi kyau.

Ya fito da hannun, ya ɗauki ta ƙarfen.

Munir ya dube shi, ya dubi Sufeto, kamar yana jiran a ce wasa ne. Sannan idonsa ya sauka a kan lallen. Bafulatani ne, kuma tsakaninsa da Babarbare girman muƙami bai hana wasa ba.

"Oga, ashe ango muka samu ba a gaya mana ba. Ko Barebari sun fara ƙunshi ne kafin harbi?"

"Ɗauki abarka, ɗan Fulani. Ka riƙe ta da kyau, ba sanda ba ce."

Munir ya ɗauki ta robar da sauri, kada a canza shawara. Sufeto ya dubi hannun Fa'izu na ɗan lokaci, ya tambayi dalilin lallen. Fa'izu ya ce kaushi ne. Sufeto ya nuna musu layi.

Zagayen farko na natsuwa ne, allo yana nesa, babu gaggawa. Fa'izu ya ɗana gudumar da babban yatsan hagu, ya daidaita saiti a tsakiyar baƙin da'irar, ya matsa kunama. Bindigar ta tashi ta dawo a hankali, kamar yadda ya yi zato. Zafin ya zo, amma irin wanda ake iya zama da shi. Ya ci gaba har harsashin zagayen ya ƙare, yana jin kowane harbi ya fita da tsabta.

Suka isa gaban alluna. Harbinsa ya taru wuri guda, tafin yaro zai rufe shi, amma duk a hagu, kamar faɗin yatsu uku daga tsakiya. Na Munir ya ɗan warwatsu, sai dai a kewayen tsakiyar yake. Sufeto ya ƙirga, ya faɗi makin kowa. Munir yana gaba da tazara mai kyau.

Munir ya ce wa wanda yake liƙe ramukan, da murya yadda Fa'izu zai ji, hannun ango ne yake rawa. Fa'izu ya sake duban allonsa. Hannu mai rawa ba ya tara harbi wuri guda. Bindigar ce take ja hagu. Ya auna tazarar da ido, ya riƙe ta a ka.

Suna komawa layi mai tsaron tuta ya busa usur daga saman bangon. Wata tsohuwa ce ta ɓullo a gonar da ke baya da ƙwarya a ka, tana roron gyaɗa. Shelar mai unguwa ta isa ga masu gona, ita kuwa ba ta da gona, kuma ba ta ji sosai. Sufeto ya sa aka cire harsashi aka ajiye bindigogi. Aka tura mutum ya yi mata bayani, ta ce ita ba ta taɓa kayan kowa ba, abin da aka bari a ƙasa take tsinta. Sai da Malam Badaru ya tashi da kansa, ya zagaya, ya rako ta har bakin burtali.

Duk wannan lokacin hannun Fa'izu yana cikin aljihu, yana bugawa kamar an sa masa zuciya ta biyu. Da aka ce a koma, ya zo fito da shi sai ya ji ya manne da yadin aljihun. Ya zare shi a hankali. Abin da lallen ya busar ya buɗe.

Zagaye na biyu na lokaci ne. Bindiga tana kallon ƙasa, guduma a kwance, sai an busa usur a ɗaga a yi harbi biyu kafin usur na biyu. Wannan shi ne wurin da ta ƙarfen take karɓar haƙƙinta, domin kowane harbin farko sai an ja doguwar kunamar nan tun daga farko, kuma ƙarfin jan a kan ciwon yake sauka. Usur ya tashi. Fa'izu ya ɗaga, ya ajiye saiti yatsu uku dama da tsakiya, a kan wurin da idonsa yake gaya masa kuskure ne, ya ja. Kunamar ta yi ta tafiya kamar ba za ta ƙare ba. Harbin ya tashi, na biyu ya bi shi. A gefensa bindigar Munir ta riga ta yi shiru.

A ɗagawa ta uku ya ji mariƙin ya fara santsi. Jini ne da gumi. Itacen da ya zaɓa saboda sulɓinsa yanzu yana neman juyawa a tafinsa. Kafin usur na gaba ya roƙi izinin gyara takalmi, ya ajiye bindigar, ya tsuguna, ya dafa ƙasa da hannun dama. Ya taɓa ganin yadda ƙannen Ramlat suke yi idan ƙotar fartanya ta jiƙe, su debi ƙasa su murza. Garin marmara ya shiga ciwon kamar barkono. Ya miƙe, ya ɗauki bindigar, ta zauna daram.

Da aka duba alluna, harbinsa ya dawo tsakiya, ban da guda ɗaya da ya sauka ƙasa. Munir ya yi sauri fiye da yadda ake buƙata, biyu sun fita daga baƙin. Tazarar ta ragu, ba ta rufe ba. Munir bai yi maganar ango ba a wannan karon.

Zagaye na uku allon yana kusa, harbi a jere har bindiga ta ƙare. A nan nauyin ƙarfen ya biya Fa'izu. Bakin bindigar yana tashi kaɗan ya dawo inda yake, shi kuwa ya daina jin hannun a matsayin nasa, yana kallon saiti kawai yana matsawa. Ta wutsiyar ido yana ganin ta robar tana tsalle a hannun Munir. Bayan harbin ƙarshe kunnuwansa suka ci gaba da ƙara, ƙamshin albarushi ya cika ramin, kwanson harsashi ya watsu a ƙasa.

Sufeto ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya sa mataimakinsa ya ƙirga. Maki ya zo daidai.

Manoman da ke bayan igiya suka fara guna-guni, wani ya tambaya ko yanzu za a sauke tutar. Sufeto ya dubi bindigogin. Sannan ya ce mai koyarwa ba ya zaɓar abin da ɗalibi zai zo da shi, don haka za su yi musaya. Harbi ɗaya kowa, daga nesa, an yarda a ɗana guduma. Wanda ya fi kusa da tsakiya shi ya ci. Ya ƙara da cewa kafin a miƙa, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa halin bindigar da ke hannunsa, kamar yadda ake yi idan ana miƙa aiki.

Munir ya ce ta robar ba ta da wani hali, inda aka nuna nan take zuwa. Gaskiya ya faɗa, Fa'izu ya sani.

Fa'izu ya goge mariƙin ta ƙarfen a jikin wandonsa, ya juya shi, ya sake gogewa. Kalma biyu za su ishe shi: daidai take. Ramukan zagayen farko an riga an liƙe su. Ya tuna Ramlat da safe tana ɗaure masa igiyar takalmi saboda yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa, cikinta yana hana ta sunkuyawa sosai. Ya ɗaga kai, ya ga Sufeto yana kallonsa, ya ga surukinsa a bayan igiya ya miƙe tsaye. Bai san ko tsoron Allah ne ko tsoron idon Sufeto ba.

"Tana ja hagu," ya ce. "Yatsu uku. Ka riƙe dama."

Munir ya karɓi bindigar, ya auna nauyinta, ya yi murmushi.

"Yau Babarbare ne yake ba Bafulatani kyauta? Oga, na ga allonka na biyu da na uku. Duk a tsakiya."

"Na gaya maka."

"Ka gaya mini. Na gode."

Munir ne ya fara. Ya tsaya da kyau, ya ɗana gudumar, ya daɗe yana saiti. Fa'izu yana bayansa, yana kallon bakin bindigar, amma daga nan ba a gane yatsu uku. Harbin ya tashi. Sufeto ya sa madubin hangen nesa, ya duba. Aka sa sabon allo a gefen na Munir.

Fa'izu ya ɗauki ta robar. Da ƙaiƙayin mariƙin ya taɓa wurin sai da numfashinsa ya tsaya. Da ita ya zaɓa da safe, da yanzu ba shi da hannu. Ya matse ta duk da haka, domin riƙon sako-sako shi ma kuskure ne. Ya ɗaga. Saitin yana yawo a kan baƙin da'irar, ya sauka ya hau. Idonsa ya so ya kai shi dama, inda ya saba tun safe, ya dawo da shi tsakiya. Ya ji hannun yana shirin tsorata, yana so ya danna ƙasa kafin tokarin ya zo. Ya sauke bindigar. Wani a bayan igiya ya yi salati a hankali.

Ya sake ɗagawa, ya saki rabin numfashi, ya bar yatsan ya yi ta matsawa ba tare da ya zaɓi lokacin ba. Bindigar ta tashi. Zafin ya hau har gwiwar hannu.

Suka taka zuwa alluna su uku. Ramin Munir yana hagu, a kan layin tsakiya sak, tsayinsa bai kuskure ko kaɗan ba. Na Fa'izu yana ƙasa da tsakiya. Da ido ba a iya raba su. Sufeto ya tsinko tsinken ciyawa, ya ɗora daga tsakiya zuwa ramin Munir, ya karya shi daidai nan. Ya kai shi allon Fa'izu. Tsinken ya wuce ramin da kamar ƙwayar dawa biyu.

Munir ya daɗe yana kallon allonsa. Ya ɗora yatsunsa uku tsakanin ramin da tsakiyar, suka cike wurin. Ya sauke hannun, ya ƙame ya sara wa Fa'izu, ya juya ya nufi mota.

Sufeto ya faɗi sakamakon a taƙaice, ya ba da umarni a sauke tuta. Da ya karɓi ta robar don a mayar da ita akwati, ya dubi mariƙin, ya shafa shi da babban yatsa, ya dubi yatsan.

"Saje, kaushin nan naka yana zubar da jini."

"Yallaɓai."

"Je ka wanke shi kafin in gani."

Manoma suka fara tsallake igiya suna nufar gonakinsu. Fa'izu ya hau bakin ramin, ya cire hula, ya durƙusa a gaban Malam Badaru, kansa a ƙasa, hannun dama a bayansa. Dattijon ya amsa gaisuwar, ya ce ya ji an ce shi ya ci, Allah ya sa alheri. Ya tambayi jikin Ramlat. Sannan ya ce shi bai san yadda ake lissafin wannan abu ba, amma ya ga yaron nan Bafulatani ya fi saurin hannu.

Ya sa hularsa, ya naɗe buhun. Har ya juya sai ya tsaya, ya ce gyaɗar gonar fadama tana nan ba a taɓa ba, ran Asabar za a shiga, tunda yanzu an ce ba inda Fa'izu za shi.

"To, Baba," in ji Fa'izu.